Magani Ya Iso, Mai Duba Yaro Bai Iso Ba

A Kebbe ta ƙuruciyarmu magani abu ne da ake yi wa tafiya. Idan jikin yaro ya yi zafi ba kwalba ake fara lalube ba, don babu ita a ɗakin. Tsohuwar gida ake kira. Ta sa bayan hannu a goshinsa, ta buɗe fatar idonsa ta ga ko ta yi fari, ta latsa cikinsa, ta shafa maɗigarsa, ta tambayi uwar yaushe rabonsa da nono da yadda bayan gidansa yake. Sannan a ɗora tukunya: ganyen dogon yaro ko sabara na wanka da surace, jiƙon sassaƙe a ƙoƙo, tazargade ga jariri, a aika wurin malam a karɓo rubutu. Sai abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ake ɗaukar yaro zuwa dispensa, inda kayan malamin asibiti ba su wuce a ƙirga ba: kulorokwin mai ɗaci da sa ƙaiƙayi, asfirin, ruwan magani da ake zuba wa mutum a kwalbar da ya zo da ita daga gida, da allurar fanisilin da ake dafa sirinjinta kafin a yi wa na gaba. Idan shi ma ya girgiza kai, sai a kama hanyar Tambuwal ko Jega, mai hali ya wuce Sakkwato.

Ba na cikin masu kewar wancan zamani, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙabartar garinmu ya ga yawan ƙananan kaburbura ba zai yi kewarsa ba. Ƙyanda takan shigo unguwa da bazara ta bi gida-gida. Masassarar damina takan kama yaron da ya kwana lafiya, ya yi ta jijjiga, kafin a samo abin hawa rai ya yi halinsa. Ka tambayi tsohuwa 'ya'yanta nawa, sai ta ba ka lissafi biyu, waɗanda ta haifa da waɗanda suka tsaya. Wasu al'adun ma da hannunmu muka riƙa cutar da jarirai da su bisa rashin sani: a matse dakashi a zubar wai nonon farko ba shi da kyau, a yanke cibiya da rezar da ba a dafa ba, wanzami ya cire beli da ƙarfen da ya yi wa wani aiki ɗazu. A 1996, shekarar da Kebbe ta samu ƙaramar hukumarta, sanƙarau ya kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, mafi yawansu a Arewa. Har a binciken lafiya na ƙasa na 2018, cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Jihar Sakkwato 197 ba sa kai shekara biyar, a maƙwabtanmu na Kebbi kuwa 252. Saboda haka idan na ce yawan maganin da muke ɗura wa yara a yau yana damuna, kada a ɗauka roƙo nake a koma ga ƙoƙon jiƙo.

Zuwan magani alheri ne. Babur ya zo, waya ta zo, kwalayen magani masu arha daga Indiya da Sin suka riƙa sauka Legas, su bi ta Anaca da kasuwar Sabon Gari ta Kano har su iso Sakkwato da Jega, daga nan su watsu ƙauyuka a bayan babur. Yau da wuya ka shiga Kuchi ko Ungushi ko Margai, balle cikin garin Kebbe, ka rasa kemis. Ranar kasuwa kuma ga masu faranti da masu baro sun baza ƙwayoyi a tsakiyar rana, zafin da ke rage ƙarfin magani tun kafin a sha. Abin da bai biyo kwalayen nan ba shi ne mutumin da zai dubi yaron. Tsohuwar can, duk da ƙarancin saninta, sai ta taɓa jikin yaro kafin ta ce a dafa wani abu. Yanzu sau da yawa wanda ya ba da maganin bai ko ga fuskar wanda zai sha ba.

Ka zauna a bencin kemis tsakanin magariba da lisha ka gani. Uwa tana cikin gida ba ta fita, maigida yana kasuwa ko ya tafi cin rani, sai a aiko 'yar yarinya da kuɗi dunƙule a hannu.

"Malam, wai in ji Innata a ba da maganin masassara da zawo, na ƙanena."

"Shekararshi nawa?"

"Bai fara tafiya ba."

"Na nawa aka ce?"

Ta buɗe hannu ya gani. Abin da ke tafin hannun nan shi ne zai yanke irin maganin da yawansa. Ya ɗauki almakashi ya yanko biyu daga wannan kati, uku daga wancan, ya ƙara kafso ja da rawaya, ya zuba a 'yar leda ya ƙulle, idan kuɗin ya kai ya ɗora kwalbar sirof ɗaya. "Ki ce ma Inna a raba farin biyu, a jiƙa a cokali, safe da dare." Wannan shi ne haɗi. Babu kwali, babu suna, babu ranar lalacewa, kuma bayanin zai bi ta bakin yarinyar da hankalinta ke wurin gaɗa. Gobe idan yaro ya rikice aka kai shi asibiti, likita ya tambayi abin da aka ba shi, iyakar amsar uwa ita ce fari da ja.

Lasisin da hukumar kula da harhaɗa magunguna ta ƙasa, PCN, ke ba ɗan kemis bai ba shi izinin yin allura ba, ko ɗaura ƙarin ruwa, ko sayar da magungunan da sai likita ya rubuta. An ma ce ya sayar da magani cikin kwalinsa na asali. Duk da haka ba zan jibga masa laifin shi kaɗai ba. Shi ne ke buɗe ƙofa idan aka ƙwanƙwasa tsakar dare, shi ne ke ba da bashi zuwa kaka, kuma ba ya yi wa uwa tsawa don ta makara. Ƙaramin asibitin gwamnati na ƙauye kuwa sau da yawa ma'aikaci ɗaya ne, ya tashi da la'asar, kuma ko ka same shi takarda zai rubuta ya ce ka je kemis ɗin ka saya.

Rabin ciwon jarirai a wurinmu haƙori ake ɗora wa. Zawo haƙori, amai haƙori, zafin jiki haƙori. Gaskiyar ita ce lokacin fitar haƙora ya yi daidai da lokacin da yaro ke rarrafe yana kai komai baki, ana fara ba shi kunu da ruwan randa, kariyar da ya samo daga jikin uwarsa kuma tana raguwa. A nan ne cututtuka ke samun ƙofa, mu kuma mu sayo maganin haƙori mu zauna jira. A ƙarshen 2008 wani sirof ɗin haƙori mai suna My Pikin, da kamfanin Barewa na Legas ya yi, ya kashe yara 84 a ƙasar nan, kuma asibitin koyarwa na Zariya na cikin wuraren da aka fara gano abin. An haɗa shi ne da wani sinadari mai zaƙi-zaƙi da ake sawa a ruwan birki, wanda ke kashe ƙoda. Yaro ya daina fitsari, jiki ya kumbura, cikin 'yan kwanaki a rasa shi. Irin sinadarin nan ne ya kashe yara 109 a Jos da Ibadan a 1990 ta cikin sirof ɗin farasitamol, ya kuma kashe kusan 70 a Gambiya a 2022 ta cikin maganin tari da aka shigo da shi daga Indiya. A watan Afrilun 2024 ma sai da hukumar NAFDAC mai kula da magunguna ta janye wani rukuni na sirof ɗin tari Benylin na yara saboda shi. Iyayen yaran nan duka ƙauna ce ta sa suka sayi kwalbar.

Amma guba a cikin kwalba jefi-jefi ne. Ɓarnar da ake yi kullum da magani mai kyau ake yin ta. Kowane manomi a Kebbe ya san taki alheri ne, ya kuma san idan ka cika wa ƙaramin gero yuriya a gindi ƙonewa zai yi. Wannan sanin ne ba mu kai shi kan yaro ba. Farasitamol da nauyin jiki ake auna shi, miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, kada ya wuce sau huɗu a yini da kwana. Mu kuwa da cokalin gida muke awo, wani ƙarami wani ya kusa ludayi, kuma sau da yawa sirof ɗin mura da na zafin jiki da aka ba yaro a lokaci guda dukansu da farasitamol a ciki. Hanta ce ke ɗaukar nauyin, ba ta kuma nuna alama sai abu ya yi nisa. Kafso ja da rawayan nan tetirasaikilin ne, bai kamata a ba yaron da bai kai shekara takwas ba, don yana ɓata haƙoran da ba su ma fito ba. Jaririn kwana uku ana ɗiga masa Ampiclox a baki wai don wanke ciki, alhali lafiyarsa ƙalau.

Zawo ya fi ba ni takaici, domin maganinsa na gaskiya shi ne mafi arha a shagon. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tsayar da cewa ruwan gishiri da sukari tare da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14 su ne maganin zawon yara, saboda abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Amma uba ya biya kuɗi a miƙo masa 'yar ledar gishiri da sukari, sai ya ga an raina masa hankali. Flagyl yake so, da Septrin, in da hali a yi allura. Mun yarda allura ta fi ƙwaya ƙarfi, ƙarin ruwa kuma ya fi allura. Akwai yaran da ke jan ƙafa a ƙauyukanmu yau ba shan inna ne ya taɓa su ba, allura ce aka caka a ɗuwawu ta sami jijiya. Haka kuma kowane zafin jiki an yi masa suna tun kafin gwaji, maleriya da taifot. Ɗan katin gwajin maleriya da ɗigon jini ɗaya yake aiki, cikin minti 15 zuwa 20 ya ba da amsa, amma kuɗinsa ake gani kamar asara. Idan an sayi maganin maleriyar, wanda sha shida ne cikin kwana uku, yaro na tashi wasa a rana ta biyu sai a ajiye sauran don ƙanensa.

Wannan rabin sha yana da sakamako da ya wuce gida ɗaya. Ƙwayar cutar da aka taɓa ba a kashe ba tana koyon jure magani. Mun gani da idonmu: kulorokwin da ya raini iyayenmu ya daina aiki, har Nijeriya ta sauke shi daga matsayin maganin maleriya na farko a 2005. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma yankin da abin ya fi tsanani shi ne Afirka ta Yamma. Ranar da ciwon huhu na gaske ya kama yaron da aka saba ɗura wa Septrin kan kowace majina, maganin da zai cece shi yana iya zama wanda babu shi a Kebbe, kuma ubansa ba shi da kuɗinsa.

Akwai kuma maganin da ba don ciwo ake ba da shi ba, shi ne wanda ya fi tsaya mini a rai. Piriton ko Phenergan, rabin cokali, don yaro ya yi barci uwa ta samu ta gama daka, ko ta soya ƙosan sayarwa, ko a zauna gidan biki babu rigima. Phenergan ba a yarda a ba wanda bai kai shekara biyu ba, domin yana iya tsayar da numfashi cikin barci. Ga kuma ƙwayar ƙiba da ake kira sha ka fashe, ana ba yaron da ya rame, fuska ta kumbura a ce ya yi kyau, alhali tamowa ce ke cinsa, maganin kuma yana ƙara karya garkuwar jikinsa. Ban ga mugunta a zuciyar matan nan ba. Yarinya ce 'yar shekara goma sha bakwai da goyo da ciki, ga surfe ga ɗiban ruwa ga sana'a, kakar da a da za ta karɓi jariri ta yi masa tawai ta rasu ko rashin tsaro ya raba su gari. Ta gaji, wata ta nuna mata kwalba. Sai dai kukan jariri shi ne bakinsa, da shi yake faɗin yunwa da ciwon kunne da zafin ciki. Idan aka rufe shi da magani, an rufe ƙofar da za a gane abin da ke damunsa.

Ina kuma tsoron abin da yaro ke koya. Wanda ya tashi ya ga gajiya da rashin barci da ɓacin rai duk a kemis ake kai ƙararsu, ba zai ga baƙon abu ba ranar da abokinsa ya miƙo masa tiramol a bakin gona ya ce da ita zai gama kunyar nan kafin azahar. Samarin ƙwadago da 'yan acaba sun san ta, kuma wadda suke sha ba mai miligiram 50 ko 100 da doka ta yarda ba ce, mai 200 da 225 ce ta fasa-ƙwauri. A 2017 aka faɗa a Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalbar kodin miliyan uku kullum a Kano da Jigawa kaɗai. A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da bincikenta kan yadda sirof ɗin ke fita daga kamfanoni ta bayan fage, washegari gwamnati ta hana yin sa da shigo da shi. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a wannan shekarar ya nuna mutum miliyan 14.3 na shan ƙwaya a Nijeriya, miliyan 4.6 daga cikinsu magungunan kashe ciwo irin su tiramol, miliyan 2.4 kuma sirof ɗin tari. Waɗannan biyun kayan asibiti ne da suka kauce hanya. Da aka matsa wa tiramol sai Tafrodol da 'yan uwanta suka maye gurbi, har Indiya ta hana yin su a 2025. Ƙarshen wasu 'ya'yanmu asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ne, wasu kuma mari a gidan malam.

A Amurka ma ana muhawara kan yawan maganin da ake ba yara, amma tasu daban take. Can gardamar ita ce ko likitoci sun cika rubuta wa yara Ritalin da makamantansa saboda rashin natsuwa a aji, kuma a 2017 hukumarsu ta magunguna ta hana ba wanda bai kai shekara 12 ba kodin da tiramol. Su da likitan da ya wuce gona da iri suke fama, akwai wanda za a kama a tuhuma. Mu tsakanin kwali da bakin yaro sau da yawa babu kowa.

Wani abin da ke ba ni ciwo shi ne inda muka ajiye zarginmu. Muna da dalilin yin zargi. A annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano cikin yara 200, 11 suka mutu, wasu suka nakasa, aka yi ta shari'a har aka sasanta da Jihar Kano kan dala miliyan 75 a 2009. Wannan tabo na cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Amma yau za ka ga magidanci ya tsare mai rigakafi a zaure da tambayoyi, wa ya aiko ki, me ke ciki, me ya sa kyauta, da dare kuma ya karɓi ƙullin ledar da babu ko suna a jiki ya ce a ba jariri. Tambayoyin nan nasa masu kyau ne, kuma ɗan kemis da mai faranti sun fi kowa cancantar a yi musu su.

Mun kuma ga yadda abin ke kasancewa idan aka yi shi da awo, a nan cikin gidajenmu. Tun 2015 ake rabon maganin rigakafin masassarar damina a Jihar Sakkwato, wata-wata daga saukar ruwa sosai zuwa kaka, ga yara daga wata 3 zuwa wata 59. Masu rabon 'yan gari ne. Su shiga har tsakar gida, su ga yaron, su tambayi watanninsa, domin kason 'yan ƙasa da shekara ɗaya daban yake da na manyansu. Idan jikinsa da zafi ba sa ba shi, sai su ce a kai shi gwaji. Na ranar farko a gabansu ake sha, su bar wa uwa na kwana biyu da bayani, su rubuta a kati, su yi alama a bango da alli. Gwaje-gwajen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta dogara da su a 2012 sun nuna wannan tsari na rage kamuwa da maleriya da kusan kashi 75 cikin 100. Haka man cibiya da Sakkwato ta fara rabawa ta hannun mata a unguwanni a 2013 ya kori toka da tsumman gashi daga ɗakunan jego da yawa. Matan da ake cewa ba sa fahimta su ne suka riƙe waɗannan ƙa'idoji, domin an zauna an yi musu bayani da Hausa, ana kallon ɗansu.

Kemis ba zai tashi daga garuruwanmu ba, ban ma so ya tashi. Abin da nake so ƙaramar hukuma da ƙungiyar masu kemis su zauna a kai ba shi da tsada: sikeli a kowane shago, katin gwajin maleriya, sirinjin awo maimakon cokali, da sharaɗin cewa ba a ba da maganin jariri a hannun ɗan aike, ba a kuma yanka kati a yi haɗi. A koya wa kowane ɗan kemis alamomin da idan ya gani hannunsa ya fita: yaron da ya kasa kama nono, ko yake amayar da komai, ko yake jijjiga, ko numfashinsa ke sauri haƙarƙari na shiga ciki, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Irin wannan yaro babur za a nema masa nan take. Sai kuma ma'aikacin lafiya da zai kwana a Girkau da Sangi da Fakku, a ba shi ɗaki da fitila da albashi kan kari, don a samu ƙofa ta biyu da za a ƙwanƙwasa da dare.

Ragowar aikin namu ne, mu magidanta. Sau da yawa abin da ke sa a aiki yarinya da kuɗi shi ne uwa ba ta da izinin fita, maigida kuma yana Legas ko Fatakwal wayarsa ba ta shiga. Malamanmu ba su hana mace fita don lalurar rashin lafiya ba, kuma ya kamata limamai su faɗi haka ƙarara a huɗuba kafin damina. Duk wanda zai tafi cin rani, kamar yadda yake auna hatsin da zai bar wa gida, ya bar wa matarsa izini a gaban mahaifiyarsa ko ƙanensa cewa idan jikin yaro ya yi zafi ta goya shi ta kai a duba, ko dare ko rana, ya kuma ajiye kuɗin babur da na gwaji a hannunta.